Ubuntu Ya Cika, Windows Na Da Fili: Yaya Zan Gutsuro In Ƙara Masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata tana ɗauke da Windows 11 da Ubuntu (wani nau'in manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta) a faifai ɗaya mai GB 512. Da zan saka Ubuntu, GB 40 kawai na ware masa, yanzu ya cika maƙil, Windows kuwa tana da sama da GB 200 a zaune. Yaya zan ƙara masa ba tare da na yi asarar kayana ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu ne mai yiwuwa, amma don Allah kada ka taɓa komai sai ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani faifai na waje, ka buɗe kaɗan daga cikinsu ka ga suna aiki. Sannan ka duba ko BitLocker, wato manhajar Windows mai kulle bayanan faifai, a kunne take. Idan haka ne, nemo makullinta mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta a takarda. Sauyi kaɗan a tsarin tashin kwamfuta kan sa ta nemi wannan lambar, kuma in babu ita, kayanka sun kulle ke nan.

Ƙa'idar da nake bi ita ce, Windows ce za ta rage nata fatishan ɗin, wato yankinta na faifan, da hannunta. Ka fara kashe Fast Startup, domin idan yana kunne Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, barci take yi, ta bar faifan a buɗe. Ka buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, ka rubuta powercfg /h off. Daga nan ka shiga Disk Management, ka danna C: da maɓallin dama, ka zaɓi Shrink Volume. Da MB ake lissafi a wurin, don haka GB 100 shi ne 102400. Idan ta ƙi ba ka yawan da kake so alhali fili na nan, wasu fayiloli ne da ba sa gusawa suka tokare ƙarshen, irin su pagefile da ajiyar System Restore. Kashe su na ɗan lokaci, ka sake tada kwamfutar, ka gwada.

A ɓangaren Ubuntu ne hatsarin yake. Filin da ka samu galibi zai faɗo a hagun fatishan ɗinsa a zanen faifan, kuma jan iyakar hagu yana nufin kwashe duk abin da ke ciki a matsar da shi. Ba a yin haka Ubuntu na aiki. Sai ka tada kwamfutar daga filash mai ɗauke da Ubuntu ko GParted Live, ka buɗe GParted, manhajar gyara fatishan, ka ja iyakar. Ka jona caja tun kafin ka danna Apply, kuma ko da ka ga kamar aikin ya tsaya cak, kada ka katse shi. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan matsarwa, fayiloli na iya tarwatsewa.

Ni dai da kwamfutata ce, ba zan matsar da komai ba. Zan mayar da sabon filin fatishan na ext4 (tsarin ajiya na Linux) mai zaman kansa, in kwashe /home, inda fayilolin mai amfani suke, can, in rubuta lambar shaidarsa, wato UUID, a /etc/fstab, fayil ɗin da ke nuna wa Ubuntu fatishan da zai haɗa in ya tashi. Ubuntu ya samu sarari, ba a girgiza tushensa ba.

Wancan ɗan ƙaramin fatishan na FAT32 mai suna EFI, da na Recovery, ka bar su inda suke. A EFI ne GRUB, wato abin da ke ba ka zaɓin Ubuntu ko Windows lokacin tashi, da abin tada Windows suke zaune. In ka gama, ka tada kowanne ka gani, kuma ka ajiye filash ɗin kusa, domin idan GRUB bai fito ba, da shi za ka shiga ka gyara da manhajar Boot-Repair.