Na kalli shirin Nashville, yanzu an ce in sayar da waƙoƙina biyar: in sa hannu?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni matashi ne, ina rubuta waƙa, wani lokaci ina rerawa. Da kaset ɗin Don Williams muka tashi a gidanmu, shi ya sa da abokina ya tura min shirin Nashville na kalli kashi uku a zama ɗaya. Na ga yarinya mai raba abinci ta hau dandamali sau ɗaya, wani babba ya ji ta, ƙofa ta buɗe mata. To ga wani furodusa yana son sayen waƙoƙina biyar, kuɗi hannu, amma sai na sa hannu cewa na bar masa su har abada. Ya ce waƙa ba ta ƙarewa a bakin mai ita, gobe zan rubuta wasu, kuma ta haka suna yake fita. Ina cikin matsin kuɗi sosai, barci ma ya gagare ni. Haka harkar take da gaske? In sa hannu?

Amsa: Ƙanena, kada ka sa hannu a wannan makon. Ajiye biron tukuna mu yi magana.

Shirin kam ka yi dacen zaɓi. Wasan kwaikwayo ne kan mawaƙan kantiri na Nashville, birnin da ke cibiyar wannan kiɗa a Amurka. Tashar ABC ta fara haska shi a watan Oktoban 2012, Callie Khouri ce ta ƙirƙire shi, ya yi zango shida kafin ya ƙare a 2018 a tashar CMT. Ni ma kashin farko ya kama ni. Rayna, wadda tauraruwarta ta fara dusashewa, kamfaninta ya ce ta bi bayan Juliette, yarinyar da matasa ke rububi, ta riƙa buɗe mata fili a rangadi. Wannan wulaƙancin gaskiya ne, kamfani ba ya duba furfura, tikiti yake ƙirgawa. Rigimar siyasar mahaifin Rayna da takarar mijinta kuwa gishirin wasan kwaikwayo ne, wuce su kawai. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda shirin ya ɗauki marubucin waƙa a matsayin mai sana'a. Duba yadda Juliette ke zawarcin Deacon, makaɗin Rayna, don ya zauna su rubuta tare. Ta san inda ƙarfin yake.

Gidan cin abincin da ka gani, Bluebird Cafe, akwai shi, an buɗe shi a 1982, kujerunsa kusan 90 ne kawai, kuma a can wanda ya kafa kamfanin faya-fayai na Big Machine ya ga Taylor Swift tana 'yar shekara 14. Inda shirin ya yi maka kwaskwarima shi ne wajen sauri. Mutanen garin da kansu suna kiran Nashville garin shekara goma, wato sai ka yi kusan haka kana fafutuka kafin a san da kai. Marubuci yakan tashi da safe ya tafi unguwar Music Row kamar ma'aikacin ofis, su zauna su biyu ko uku a ɗaki su haɗa waƙa, a raba ta daidai tsakanin waɗanda ke ɗakin, mafi yawan waƙoƙin kuma su mutu a aljihun tebur babu wanda ya rera.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka ajiye biro. Maganar nan ta "gobe za ka rubuta wata" na ji ta har na gaji. Kusan duk wanda ya shigo ofishina da hawaye a kan waƙa, da ita aka yaudare shi. Ana faɗinta kamar yabo, a kumbura wa yaro kai cewa shi rijiya ne, alhali ana so ne ya ɗauki gona a matsayin dami guda na gero. Waƙa gona ce. Duk shekarar da aka sa ta a rediyo, aka saurare ta a waya, aka ɗora ta a fim ko talla, ko wani mawaƙi ya sake rera ta, girbi ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba baitukanka da karinka kariya iya rayuwarka da ƙarin shekara 70 bayan mutuwarka. Abin da furodusan ke tayawa ke nan: girbinka, na 'ya'yanka, da na jikokinka. Kuma babu marubucin da ya san wacce cikin waƙoƙinsa za ta tashi. Da ana sani da babu wanda zai sayar.

Tarihin kiɗan kantiri cike yake da wannan. Willie Nelson, lokacin da yake fama da talauci a Texas, ya sayar da waƙarsa "Night Life" a kan dala 150. Mawaƙa da yawa sun rera ta daga baya, kuɗin ya tafi wa waɗanda suka saya. Sai ka kwatanta da Dolly Parton. Elvis Presley ya so ya rera waƙar da ta rubuta, "I Will Always Love You", manajansa Kanal Tom Parker ya gindaya sharaɗin sai an ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Elvis fa ake magana, mawaƙin da kowane marubuci ke mafarkin ya rera masa. Ta ƙi, kuma ta sha ba da labarin irin kukan da ta yi a kan wannan ƙin. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar, ta yi mako 14 a saman jadawalin Billboard, kason marubuciya da na mai mallaka kuma duka suka faɗo hannun Dolly. Da ta yarda cewa suna ya fi mallaka, da rabin wannan arzikin yana gidan wasu.

Za ka ce ai kai ma za ka rera, muryarka ce a ciki. Nan ma mutane ke faɗawa rami. A kowace waƙa dukiya biyu ce kwance. Akwai waƙar kanta, baiti da kari, wannan ta marubuci ce. Akwai kuma naɗin da aka yi a situdiyo, wanda galibi na wanda ya shirya ya kuma biya kuɗin naɗin ne. Idan furodusa ya biya situdiyo sannan ya sayi baitukan, ya haɗa biyun a aljihunsa, kai muryarka kawai ke yawo. A Amurka ma gidajen rediyo na gargajiya marubuci da kamfaninsa suke biya ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI, mai rerawa ba ya samun ko sisi daga wannan hanyar. Taylor Swift, da duk ƙarfinta, a 2019 aka sayar da kamfanin da ke riƙe da naɗin faya-fayenta shida na farko a kan kusan dala miliyan 300. Abin da ya cece ta shi ne ita ta rubuta waƙoƙin, don haka ta iya komawa situdiyo ta sake naɗar wasu daga ciki, kafin a 2025 ta sayi na asalin. Kai da za ka sayar da baitukan, ko wannan ƙofar ba za ta rage maka ba. Gobe in ka rera waƙarka a biki ka ɗora a YouTube, shi ne zai sa a sauke ta, kuma doka tana bayansa.

Abin da Scarlett, yarinyar nan mai raba abinci, da abokin waƙarta Gunnar suka samu a shirin ma ba cinikin yanke-ka-ba-ni ba ne. Kamfanin dillancin waƙa ne ya ɗauke su. Irin wannan kamfani yana ba marubuci kafin alƙalami wata-wata, ya yi ta tallar waƙoƙinsa ga mawaƙa, in kuɗi ya shigo ya cire abin da ya bayar sannan a raba. Ko da kamfanin ya riƙe haƙƙin, marubuci yana da kasonsa, a al'ada rabi, mai ƙarfin ciniki har kashi 75 cikin ɗari, sunansa kuma yana kan waƙar. Dokar Amurka ta ma ba marubuci damar karɓe abinsa bayan shekara 35. Takardar da aka miƙo maka, yadda ka bayyana ta, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ke ƙona min rai shi ne 'yan tsakiya, masu kiran kansu manajoji, waɗanda ba su taɓa karanta sakin layi ɗaya na doka ba amma suna rantse wa yara cewa takarda al'ada ce kawai, in waƙa ta tashi za a duba su. Wa zai duba ka? A dokarmu sayar da haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, shi ya sa ya nace sai ka sa hannu. Ya san darajar wannan sa hannun fiye da yadda ka sani. Alkawarin baki kuma na "za mu kyautata maka" in bai shiga takardar ba, wuya ce ka tsaya da shi a gaban alƙali. Akwai kuma wasu 'yan damfarar da za su same ka a intanet da sunan Nashville, su yabi baitukanka, su ce turo daloli a naɗa maka a kai wa manyan mawaƙa. Wannan tsohuwar damfara ce a can. Kamfanin gaskiya shi ke biyan marubuci.

Na san matsi, ba zan ce ka kori mutumin ba. Koma wurinsa da tayin haya. Ka ba shi izinin amfani da waƙa ɗaya ko biyu, a fim kaza, na shekara kaza, a rubuta sunanka a matsayin marubuci, a rubuta kasonka a lamba, a kuma rubuta cewa in bai fitar da waƙar cikin lokacin da kuka yanka ba ta dawo hannunka. Kuɗin hannun zai ragu, na sani. Idan ya ce ko duka har abada ko a fasa, to ya ji wani abu a waƙoƙin nan da kai ba ka ji ba tukuna.

Kafin nan ka adana rubutunka na asali da muryoyin da ka naɗa a waya da kwanan watansu. Haƙƙinka ya tabbata tun ranar da ka rubuta, amma shigar da waƙoƙin a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya yana ƙara maka hujja, sannan ka nemi rajista da ƙungiyar MCSN mai karɓar wa mawaƙa kuɗinsu. Takardar kuma ka nemi kwafinta, ka kai wa lauya ya karanta maka ita layi-layi kafin ku sake zama da furodusan.