Tambaya da Amsa: Fallen rezin ɗina ya ƙi bushewa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina sana'ar ƴan kunne da maratayin makulli a unguwar Birni, nan Damagaram. Na sa an sayo mini ruwan rezin, wanda in ya daskare yake zama kamar gilashi, daga Kano, ina so in riƙa zuba shi falle-falle, siriri kamar kwali, in yanka yadda nake so. Sau uku ke nan ina gwadawa: ya kwana biyu yana danƙo, gefe ɗaya ya fi kauri, ga ƙura ta manne a kai. Wata maƙwabciyata ta ce in ƙara ruwan busarwa. In ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah kada ki ƙara ko ɗigo. Rezin ba fenti ba ne da iska ke busar da shi. Ruwa biyun nan, rezin da ruwan busarwa, haɗuwa suke yi su daskare, kuma kowane yana da rabonsa. In ɗaya ya yi yawa, ragowar ba ta da abokin haɗi, ita ce danƙon da kike ji a yatsa. Duba jikin kwalbar: wani 1 da 1 ne, wani 2 da 1, wani kuma da sikeli ake auna shi, ba da kofi ba. Ni da sirinji biyu nake awo, kowane ruwa da nasa. Ki juya a hankali minti 3 cur, kina kankare gefen kofin da gindinsa, don a nan wanda bai gauraya ba yake maƙalewa.

Ga lissafin da zai hana ki asara: lita 1 tana rufe mita 1 tsawo da mita 1 faɗi a kaurin milimita 1. Ke nan falle mai santimita 30 kowane gefe, kaurin milimita 2, mililita 180 yake ci.

Rezin ba ya kama silikon, wata irin roba mai laushi, ba ya kama leda mai kauri. In ba ki da faifan silikon, ki samu gilashi ki lulluɓe shi da salatif mai faɗi na ɗaure kwali, ki yi masa ɗan shinge a gefe. Kaurin gefe ɗaya kuwa laifin teburi ne. Ki ari abin awon magina mai ɗigon ruwa, ki cusa takarda ƙarƙashin ƙafar da ta gaza har ɗigon ya tsaya a tsakiya.

Sai babban abokin gabarmu, zafi. Rezin ya fi son zafin digiri 21 zuwa 25, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Wata shekara na dama rabin lita da azahar, na tsaya ɗaukar waya. Kafin in dawo kofin roba ya yi zafin da ba ya taɓuwa, yana hayaƙi, ya lanƙwashe, rezin ya zama dutse da sandar juyawa a cikinsa. Na ji zafin kuɗin nan ƙwarai. Tun ranar, bayan sallar asuba nake damawa, kaɗan-kaɗan, in zuba nan take. A cikin kofi yake tara zafi. Da ya baje sai ya lafa. Shi ya sa ma siririn falle ya fi jinkirin ƙarfi, musamman a daren hunturu.

Kumfa in ta taso, ki gitta wutar laita sama-sama da sauri. Sannan saboda ƙura ki kife babban kwano ko kwali a kai, ki yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, kada kowa ya yi shara. Da damina kuma ki guji ranar hadari, laima tana sa fuskarsa ta yi hazo.

Lokacin yanka shi ne sa'ad da ya daina kama yatsa amma yana lanƙwasuwa kamar fatar dukawa. Almakashi ma ya isa. Ki kwantar da abin da kika yanka tsakanin katako biyu har awa 72, nesa da rana, don rana tana mai da shi rawaya.

Ki sa safar hannu ta robar da ake kira naitiril daga kantin magani, ki buɗe taga, yara su yi nisa. Ɗanyen rezin yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma in jiki ya soma ƙin sa, da wuya ya daina. In ya taɓa ki, ki wanke da sabulu da ruwa, kada ki sa fetur. In za ki goge baki-baki da sanfefa, ki jiƙa ta tukuna don kada garin ya shiga hancinki.