Ku Tambaya Mu Amsa: Jirgin Sarki da Ya Nutse Ranar Fitarsa ta Farko

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani tsohon jirgin katako a cikin ginin adana kayan tarihi, an ce ya nutse ranar da aka fara fito da shi. Me ya kifar da shi? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Vasa ke nan, jirgin yaƙin Sarki Gustav Adolf na Suwidin. Ranar 10 ga Agusta, 1628 ya bar tashar Istokhom, ya yi tafiyar kimanin mita 1,300, iska ta buso, ya karkata, ya nutse a idon jama'ar da suka fito kallo. Mutum kusan 30 suka rasu.

Nauyinsa ne ya taru a sama. An yi masa hawa biyu na igwa, an ɗora masa igwa 64 na tagulla, ga dogayen sanduna masu ɗauke da ƙyallayen iska, ga baya mai tsayi da aka cika da sassaƙe-sassaƙen ado. Tsawonsa mita 69 ne, faɗinsa kuwa bai kai mita 12 ba. A cikinsa can ƙasa an jibge duwatsu wajen tan 120 don su danne shi, amma ba su isa ba, kuma babu halin ƙarawa, domin da an ƙara, tagogin igwa na hawan ƙasa sun kusa taɓa ruwa. Ranar fita an bar waɗannan tagogi a buɗe. Da jirgin ya kwanta ta hagu, ta nan ruwa ya kwararo ciki.

Abin takaicin shi ne an ga alama tun da wuri. Kafin tafiya an sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan don a gwada tsayuwarsa. Zagaye uku suka yi aka dakatar da su, saboda jirgin na neman kifewa a ɗaure a bakin tasha. Duk da haka aka sake shi, sarki na fagen yaƙi a Folan yana jiran jirginsa. An yi bincike daga baya, ba a hukunta kowa ba.

Tambaya: Yaya katako zai yi ɗaruruwan shekaru a ruwa bai ruɓe ba? Ni dai na san ruwa shi ke cin itace. Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Malama, jiƙewa da bushewa a kai a kai, tare da iska da ƙwari, su ke cin itace. Itacen da ya nutse cikin laka inda iska ba ta shiga yakan daɗe ƙwarai. Babban maƙiyin jiragen katako a teku wata tsutsa ce mai huda itace kamar yadda gara take yi a tudu, amma tana son ruwa mai gishiri sosai. Ruwan Tekun Baltik, inda jirgin ya nutse, gishirinsa kaɗan ne, ga sanyi, shi ya sa Vasa ya kwanta shekara 333 a zurfin mita 32 gangar jikinsa na nan.

Wani mai bincike ɗan Suwidin, Anders Franzén, shi ne ya gano inda yake a 1956. Masu nutso suka haƙa ramuka shida a cikin lakar da ke ƙarƙashinsa, aka zura igiyoyin ƙarfe, aka ɗaura su a jikin manyan tankuna biyu masu iyo. Sai a cika tankunan da ruwa su yi ƙasa, a tamke igiyoyi, a zuƙe ruwan su taso da jirgin. Haka aka riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa wuri marar zurfi, har ya fito fili ranar 24 ga Afrilu, 1961.

Wahalar gaske daga nan ta fara. Katakon da ya sha ruwa haka, ruwan ne ke riƙe da siffarsa. In aka bar shi ya bushe haka kawai, sai ya tsuke, ya tsage, ya murɗe. Don haka aka yi shekara 17, daga 1962 zuwa 1979, ana fesa masa wani sinadari mai kama da kaki da ake kira PEG, wanda ke shiga ya maye gurbin ruwan, sannan aka bar shi ya bushe a hankali. Wajen shekarar 2000 kuma aka ga fari-fari da rawaya-rawaya a jikinsa: ƙibiritun da katakon ya tsotsa daga ƙazantar ruwan tasha ya haɗu da iska da tsatsar ƙarfe yana zama asid. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka cire dubban ƙusoshin da aka sa masa bayan tsamo shi, aka maye su da na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Muna da irin wannan a gida. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Jihar Yobe, tsawonsa ya ɗan haura mita 8, kuma shekarunsa sun kai 8,000. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta binne shi a zurfin mita 5 ita ta tsare shi. Duk wanda ya haƙo tsohon itace sassaƙaƙƙe daga laka, kada ya shanya shi a rana. Ya bar shi a jiƙe, ya rufe shi, ya sanar da hukumar gidajen tarihi.

Tambaya: Da gaske an taɓa ƙera jirgin yaƙi zagayayye kamar faifai? Daga wani makaniki a Kumasi.

Amsa: An yi, Maigida. Rasha ce ta saka Novgorod a ruwa a 1873, bisa tsarin Admiral Andrei Popov, faɗinsa wajen mita 31 ta kowane ɓangare. Hikimar ita ce jirgi mai faɗi yana ɗaukar manyan igwa biyu da sulke mai kauri ba tare da ya nitsa sosai ba, abin da ya dace da gaɓar Baƙin Teku mai ƙarancin zurfi. Amma ba shi da hancin da zai tsaga ruwa, don haka da farfela shida gudunsa bai wuce kilomita 12 a awa ba. Faɗin jikinsa kuma ya tare ruwan da ya kamata ya bugi abin juya akalarsa na baya, sai ya zama da injuna ake karkata shi, a ƙara wa na gefe ɗaya wuta a rage wa na ɗayan.