Tambaya da Amsa: Zafin Bazara, Sanyin Hunturu da Kuɗin Wuta

A wannan mako na zaɓi wasiƙu huɗu daga Kebbi da Zamfara, domin sun zo a daidai lokacin da hunturu ke sallama, bazara kuma take shirin shigowa, kuma dukkansu tambaya ɗaya suke yi ta fuskoki dabam-dabam: yaya mutum zai ji daɗin ɗakinsa ba tare da kuɗin wuta ko na mai ya cinye masa kuɗin cefane ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni magidanci ne a Birnin Kebbi. Bara na gama gina gidan bulo mai rufin kwano, na saka iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a ɗakin kwana. Tun magariba nake kunna ta a kan lamba 16, amma ɗakin ba ya yin sanyi sai dare ya raba, kuma katin mita ba ya kai ni mako biyu. Mai gyara ya ce in sayi mai doki biyu. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ina roƙonka ka dakata da sayen sabuwar na'ura, domin a ganina matsalarka tana saman kanka ne, wato a rufin ɗakin. Birnin Kebbi yana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a watan Afrilu rana tana tsayawa kusan daidai tsakiyar ka, kuma kwano shi ne yake fara karɓar dukanta. A ranar da zafin iska ya haura digiri 40, kamar yadda aka saba gani daga Maris zuwa Mayu, kwanon kansa yana iya wuce digiri 60. Wannan zafi yana sauka cikin ɗaki duk yini, bulo da siminti su shanye shi, sannan su riƙa sako shi a hankali bayan faɗuwar rana. Na'urarka tana ɓata sa'o'inta na farko tana kokawa da zafin da bango ya adana tun hantsi, shi ya sa sanyi ba ya samuwa sai tsakar dare.

Ba ka faɗa mini ko ɗakin yana da silin ba. Idan babu, wannan shi ne abu na farko da ya cancanci kuɗinka. Idan akwai, ka sa kafinta ya duba ko akwai ƙofofin iska tsakanin silin da kwano, domin iskar da aka kulle a wannan wuri tana zama kamar tanderun burodi, kuma 'yan ƙananan tagogi masu raga a gefe biyu na gini sun isa su ba ta hanyar fita. Wanda yake da hali yana iya shimfiɗa takardar alminiyam mai sheƙi a ƙarƙashin kwano, ko abin tare zafi a kan silin. Bayan haka sai launi. Kwano mai duhu, irin ja da shuɗi da baƙi da ake yayi yanzu, ya fi fari shan zafi nesa ba kusa ba. A birnin Ahmadabad na ƙasar Indiya, inda bazararsu take da tsanani irin tamu, tun 2017 hukumar birnin take shafa wa rufin gidajen talakawa farar ƙasa, kuma irin wannan farin rufi yana rage zafin cikin ɗaki da kimanin digiri 2 zuwa 5. A nan sai dai a riƙa sabuntawa duk shekara kafin bazara, saboda ƙurar hunturu tana dusashe shi, ruwan damina kuma yana wanke shi.

Ina yawan tunawa da soron kakanninmu idan ana wannan magana. Bangon tubali mai kauri da rufin azara da ƙasa suna jinkirta shigar zafi na sa'o'i masu yawa, shi ya sa zaure yake da sanyi da azahar ba tare da ko fanka ba. Ba ina cewa kowa ya rushe bulo ya koma ƙasa ba, soro ma yana da wahalarsa ta yaɓe duk shekara, amma abin yana damuna ganin mun bar wannan hikima, mun ɗora siririn kwano a kan siririn bulo, sannan muna neman lantarki ya biya mana bashin.

Game da lamba 16 kuwa, ka sani ba ta ƙara wa na'ura sauri. Lambar da ke kan rimot tana gaya wa na'urar inda za ta tsaya ta huta ne kawai, kuma tunda ɗakinka ba zai taɓa sauka zuwa 16 a bazara ba, kwamfireso, wato injin da ke samar da sanyin, ba ya samun hutu ko na minti ɗaya. Ka mayar da ita 24 ko 25, ka kunna fankar sama tare da ita, za ka ji sanyin ya wadace ka. Indiya ta wajabta tun farkon 2020 cewa sababbin na'urori su fito daga kamfani a saite a kan 24, kuma hukumar tattalin makamashi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage shan wuta da kimanin kashi 6 cikin 100.

Ga lissafi domin ka gani da idonka. Na'ura mai doki ɗaya da rabi, ta tsohon tsari, tana jan kimanin wat 1,200. Idan ta yi sa'a 8 ba hutu ta sha yunit 9.6, a wata kuma yunit 288. A 2024, bayan da hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin masu rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, yunit ɗaya a wannan rukuni ya haura naira 200, wato kusan naira 60,000 a wata a ɗaki guda ga wanda layinsa yake ciki. Fankar sama mai wat 75 a sa'o'in nan 8 yunit 18 kacal take sha a wata. Idan ka gyara rufi, ka toshe ƙasan ƙofa da gefen tagogi, ka dasa dogon yaro ko ka kafa rumfa a bangon yamma, sannan har yanzu kana son canza na'ura, to ka nemi mai inbata daidai girman ɗakin, domin ita tana rage gudunta idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ta riƙa mutuwa tana tashi.

Tambaya: Ni uwargida ce a Ƙaura Namoda, gidan haya muke, ba mu da ikon taɓa rufi. Muna da ƙaramar sola mai batir ɗaya. Yarana suna fama da ƙurajen zafi duk bazara. Fanka zan saya ko kula mai ruwa, wato na'urar nan da ke sanyaya iska da ruwa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya yaran. Tunda batir ɗaya gare ku, ki fara da fanka mai aiki da wutar batir kai tsaye, wadda yawanci ba ta wuce wat 30, domin ita ce za ta kai ku asuba. Sai dai ki riƙe cewa fanka jikin mutum take sanyayawa ta hanyar busar da gumi, ba ta rage zafin ɗaki, saboda haka barinta tana juyawa a ɗakin da ba kowa asarar batir ce. Kuma a ranar da iskar ɗaki ta fi jikin mutum zafi, wato ta haura digiri 37, ki riƙa shafa wa yaran ruwa a jiki kafin su kwanta gabanta, ki kuma yawaita ba su ruwan sha.

Kula mai ruwa tana da amfani a yankinmu fiye da yadda take da shi a Legas, kuma dalilin yana cikin randar da ke tsakar gidanki. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin randa yana bin busasshiyar iska, yana tafiya da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Kula ma haka take aiki, saboda haka tana yin kyau a Maris da Afrilu lokacin da iska take a bushe, amma da zarar damina ta kankama, laima ta cika iska, sai amfaninta ya ragu ƙwarai. Idan kin saye ta, ki ajiye ta kusa da buɗaɗɗiyar taga, ki bar wata kafa da iska za ta fita, ki kuma riƙa zubar da tsohon ruwa kina wanke tankin saboda sauro. Kafin kuɗinta su samu, jiƙaƙƙen zane da aka rataya a tagar da iska ke shigowa yana yin wani ɓangare na aikin.

Akwai abin da ɗan haya yake da iko a kai. Ki rataya asabari ko zana ta wajen tagar da rana ke duka da la'asar, domin tare rana a waje ya fi labulen ciki tasiri. Ki rufe tagogi da rana, ki buɗe su da dare idan iskar waje ta huce, da raga da gidan sauro. Idan kuma akwai sauran tsohon kwan fitila mai wat 60, ki canza shi da LED mai wat 9, domin mafi yawan wutar da tsohon yake sha zafi take zama.

Tambaya: Daga Gusau nake. Duk shekara mai gyara yana cewa gas ɗin iyakwandishan ɗina ya ƙare, sai an ƙara. Haka abin yake?

Amsa: A'a Malam. Gas ɗin yana zagayawa ne a cikin rufaffen bututu, ba ya ƙonewa kamar fetur, saboda haka idan ya ragu to akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗar bututun. Ka nemi a gano wurin da ruwan sabulu, a gyara, sannan a cika. Kafin ma ka kira kowa, ka zare ragar tace ƙura ka wanke ta, ka sa a wanke kan na'urar da ke waje, domin bayan hunturu ƙura kaɗai tana iya hana na'ura yin sanyi tare da ƙara mata shan wuta. A lokacin ƙura, wanke ragar duk mako biyu bai yi yawa ba.

Tambaya: Mahaifiyata tsohuwa ce a Argungu, kuma sanyin bakin gulbi yana takura mata. Da hunturu takan kwana da kaskon gawayi a ɗaki, a rufe ƙofa da taga. Wani lokaci takan tashi da ciwon kai. In saya mata hita ta lantarki?

Amsa: Allah ya saka maka da alheri bisa kula da Inna, ya ƙara mata lafiya. Wannan ciwon kai shi ne ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙun makon nan. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mai barci yana iya wucewa ba tare da ya farka ba. Hayaƙin janareta ma wannan gubar yake ɗauke da ita. Ina roƙonka ka lallashi Inna, cikin ladabi, a daina kwana da kasko tun daga daren yau. Ta ji ɗuminsa a rumfa ko a tsakar gida, a bar shi a waje kafin a rufe ƙofa.

Hita ta lantarki ba ta da wannan guba, amma tana jan wat 1,000 zuwa 2,000, wato daidai da iyakwandishan ko fiye, tana iya ƙona siririyar waya, kuma ba ta da amfani idan an ɗauke wuta. Sanyinmu na dare ne da asuba, saboda haka ɗumama jikin Inna ya fi ɗumama ɗakin gaba ɗaya sauƙi da araha. A toshe kafofin da ke fuskantar arewa maso gabas, inda iskar hunturu take fitowa, a buɗe taga da rana domin hantsi ya shiga, a rufe kafin magariba. Silin da na ba magidancin Birnin Kebbi shawara a kai yana riƙe ɗumi da hunturu kamar yadda yake tare zafi da bazara. A ɗaga mata shimfiɗa daga kan siminti, a ƙara bargo, safa da hula, a kuma zuba ruwan ɗumi a gora mai murfi mai kyau, a naɗe da zane a ajiye wajen ƙafafunta. Ruwan wanka kuwa, baƙar jarka da aka ajiye a rana tun hantsi tana ba da ruwa mai ɗumi kafin la'asar. Idan wani ya sake tashi da ciwon kai ko jiri a ɗakin da aka ajiye gawayi, a fito da shi sarari nan take, a buɗe ƙofa da tagogi, a kai shi asibiti a gaya wa likita cewa da kasko ya kwana.