Yadda ake sallama da Turanci ba tare da an yi kamar an gudu ba

Ɗan'uwa, ka ce kana hira da abokan ciniki 'yan Kudu a Babbar Kasuwar Sakkwato, amma idan aka zo rabuwa ba ka da abin faɗa sai "bye-bye", har kana jin kamar ka yanke magana. Na sha fama da haka.

Mu Hausawa ba mu tashi haka kawai, sai mun ce "to, bari in gudu". Turanci ma haka yake. Ka fara da "I have to go now", ka ƙara "It was nice talking to you", sannan ka yi sallamar. "See you later" shi ne sai an jima, "See you tomorrow" sai gobe, "Take care" kuma ka kula da kanka. "Goodbye" ya fi dacewa da babba ko baƙo. Idan za ka ce a gaida gida, "My regards to your family" ya wadatar.

Kurakurai biyu nake yawan ji. Mutum ya iso bayan Magariba ya ce "Good night", alhali wannan sai da safe ne. Gaisuwar isowa "Good evening" ce. Na biyu, "I'm coming" a madadin "ina zuwa". Ɗan Najeriya zai gane ka, amma Baturen Ingila zai tsaya yana kallonka kana tafiya. Ka ce "I'll be right back".

Rufe wasiƙar neman aiki kuwa wani fanni ne daban. Wannan ka kai wa malamin Turanci, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ya duba maka kafin ka aika.