Batirin mota da sanyin Kanada: amsa ga mai aikin dare

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Winnipeg: "Malam, barka da aiki. Wannan ne hunturuna na farko a Kanada. Aikin dare nake yi a wani sito, kuma sau biyu cikin mako guda motata ta ƙi tashi, sai ƙas-ƙas kawai take yi. Na makara, har shugaban aiki ya ja min kunne. An ce in sayi sabon batir, amma kuɗin da ke hannuna na iyayena ne, ƙarshen wata zan tura. Ko in ci gaba da jonawa da batirin wata mota har sanyin ya wuce?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa neman albarka. Amsata a taƙaice ita ce a'a, kada ka jira. A garin da kake, sanyi ba ya sassautawa sai cikin Maris, kuma a Janairu akan kwana a digiri 20 ƙasa da sifili, wani lokaci har 30. Batirin da ya ba ka kunya sau biyu a mako ɗaya ya riga ya faɗa maka abin da ke cikinsa.

Ka fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet. Batir yana samar da wuta ne ta hanyar aikin ruwan asid a kan farantan dalma, kuma sanyi yana rage saurin wannan aikin. In aka kai digiri 18 ƙasa da sifili, kusan rabin ƙarfinsa ya tafi. A daidai wannan lokacin baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyi, kik yana neman wuta fiye da kullum. Lafiyayyen batir yana jure wannan. Wanda ya kwana biyu kuwa, a nan asirinsa ke tonuwa. Ƙungiyar taimakon direbobi ta Jamus, ADAC, ta sha bayyana cewa batir ne ke jawo fiye da kashi 40 cikin ɗari na lalacewar mota da ake kiranta a kai. Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba sakacinka ba ne ya kawo sanyin.

Kafin ka kashe ko sisi, a gwada maka. Shagunan kayan mota da yawa suna yi kyauta. Cikakken batir, mota a kashe, yana nuna volt 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In injin yana aiki kuma, ya kamata a ga wajen 14. Idan bai kai ba, to altaneta ce ba ta caji, kuma ko ka sa sabo fil zai mutu a hannunka. Ka duba kwanan watan da ke jikinsa, don yawanci shekara 3 zuwa 5 ne rayuwar batir. Ka duba kawunansa: in sun yi farin gari ko sun yi sako-sako, a goge a ɗaure. Na sha ganin wanda matsalarsa ba ta wuce nan ba.

Idan saye ya kama, ka nemi lambar da aka rubuta CCA a jikinsa. Ita ce ke nuna yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili. Kada ka karɓi wanda bai kai abin da littafin motarka ya ce ba, kuma ka adana rasit saboda garanti.

Yanzu maganar kuɗin su Baba, wadda na san ita ce ta fi damunka. Ka kira su ka faɗa musu gaskiya, cewa na wannan watan zai ragu ko zai yi jinkiri. Motar nan ita ke kai ka inda kuɗin yake fitowa. Sabon ma'aikaci da ya makara sau uku, ba kowane wurin aiki ne ke sauraron uzurinsa ba, kuma idan takardar zamanka tana rataye da aikin, asarar ta wuce ta albashin wata guda. Iyaye sun fi kowa gane wannan in aka yi musu bayani da ladabi. Shi kuma shugaban aikin, duk ranar da motar ta ƙi tashi, ka aika masa saƙo nan take, tun kafin lokacin shiga ya yi.

Akwai abin da nake zaton ba a nuna maka ba. Leƙa gaban motarka, wataƙila za ka ga wata waya mai fulogi tana leƙowa. Ta na'urar ɗumama injin ce, kuma wuraren ajiye mota da yawa a Winnipeg suna da soket dominta. In sanyi ya kai 15 ƙasa da sifili, ka jona ta awa uku ko huɗu kafin ka tashi. Sannan gajerun tafiye-tafiye suna cinye batir: minti goma da hita da fitilu a kunne ba ya mayar da abin da kik ya ɗiba. Ko sau ɗaya a mako, ka ba ta tafiyar rabin awa. Baƙin mai kuma ya zama na sanyi, irin 0W ko 5W da littafin ya ambata. Lagireto kada ya ga tsurar ruwa. Haɗin rabi da rabi da maganin daskarewa yana kare shi har wajen 37 ƙasa da sifili.

Ranar da jonawa ta zama dole, ka fara duban batirin. In ya kumbura, ko ya tsage, ko akwai alamar ruwansa ya daskare, kada ka taɓa shi, yana iya fashewa. Cikakken batir ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, amma wanda ya mutu yana iya ƙanƙarewa da an ɗan sauka ƙasa da sifili. Idan lafiya yake, jar waya a kan alamar + ta mataccen, ɗaya bakin a kan + ta mai rai. Baƙar waya a kan − ta mai rai, bakinta na ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motarka, nesa da batirin, domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Wajen cirewa ka faro daga ta ƙarshe. Kada ka murɗa makulli fiye da daƙiƙa goma a jere. Motar otomatik kuwa, turi ba ya tayar da ita, kada ka wahalar da mutane.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dawowarka da asuba, hanya ba kowa. A guguwar dusar ƙanƙarar da ta afka wa Buffalo a jihar New York cikin Disamban 2022, mutane fiye da 40 suka rasu, wasu a cikin motocinsu, wasu a waje bayan sun fita da ƙafa. Idan mota ta mace maka ko ta kafe, ka kunna sigina ta ɓangare biyu, ka zauna a ciki, ka kira taimako. In rai yana cikin haɗari, 911 ne, kuma kada tunanin takardu ya sa ka yi jinkirin kira. In injin yana tashi, ka fara share bakin salansa, domin idan dusar ta toshe shi hayaƙin yana komawa ciki, iskar da ke kisa a cikinsa kuma ba ta da wari. Ka kunna injin minti goma a kowace awa, ka ɗan sauke gilashi kaɗan.

Bargo mai kauri, safar hannu, ƙaramin shebur, tocila, wayoyin jonawa da cajar waya, su zauna a motar har bazara. Tankin mai kada ya sauka ƙasa da rabi. Ka duba takardar inshorarka yau ɗin nan, wataƙila akwai janwe a ciki ba ka sani ba. Idan babu, ka shiga CAA, ƙungiyar taimakon direbobi ta Kanada, suna zuwa su jona maka ko su ja motar. Lambarsu ka rubuta ta a takarda ka sa a aljihun riga, don ita ma waya sanyi yana kashe batirinta.