Tambaya da Amsa: Wai dole sai i7 ne laftof zai yi sauri?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a BUK, na je Farm Centre neman laftof na hannu aka nuna min guda biyu, ɗaya i7-7500U ɗaya i5-8250U, mai i7 ɗin ya fi tsada. Akwai kuma sabo fil a kwali mai Celeron da kuɗina zai kai. Aikina bai wuce rubuta furojet da Excel da shiga Zoom ba. Dan Allah wanne zan ɗauka?
Daga wani ɗalibi a Ɗorayi

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Ɗauki mai i5 ɗin, kar sunan i7 ya ruɗe ka. A irin waɗannan biyun, lambar farko da ke bayan sunan ita ke nuna zamanin furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar kenan, wato 7500U ɗan zamani na 7 ne na 2016, shi kuwa 8250U na 8 ne da ya fito a 2017, kuma a tsakanin nan ne Intel ta ninka ma'aikatan da ke ciki, wato cores, i7 ɗin biyu gare shi i5 ɗin huɗu. Ka ɗauka lebura biyu ne da lebura huɗu ke sauke tirelar masara a Dawanau, ko da biyun sun fi ɗan zafin nama ai ka san waɗanda za su riga gamawa. Ga kuma maganar Windows 11, Microsoft daga zamani na 8 ta fara lissafin furosesan da ta yarda a sa wa ita in ban da 'yan kaɗan, ta kuma daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Celeron kuwa ba zan kushe shi gaba ɗaya ba, irin N4020 wat 6 kawai yake ci, batir na daɗewa, a garin da wuta sai a hankali wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma yawanci da RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da ka buɗe, 4GB yake zuwa a manne ba a iya ƙarawa, ranar da ka buɗe Zoom da Word da shafi goma a Chrome za ka ga kibiyar linzami tana ta juyawa malami na magana murya na yankewa, wallahi abin da takaici, ban so maka haka ana tsakiyar furojet.

Manya irin i9 da Ryzen 9 da masu harafin H a ƙarshe, na masu haɗa fim ne da masu zanen gini a AutoCAD, a wajensu kam bambancin a fili yake. Kai wajen buɗe Word ba abin da za ka gani. Yawanci wajen wat 45 suke ja inda naka ke jan 15, kuma a zafin Afrilu na Kano, in ƙurar hunturu ta toshe fanka, da kansu suke rage gudu don kar su ƙone.

Rarar kuɗin da ta rage maka sa ta a SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da RAM 8GB, tsohon hard disk shi ke sa kwamfuta nawa fiye da komai. Kafin ka biya ka sa a kunna a gabanka, ka buɗe Task Manager ka karanta lambar furosesan da idonka, don sitikar da ke jiki ana iya canza ta.